Birkin Hannu a Jan Danja

Shekara goma sha tara Agogo ya yi yana jan motar 'yan makaranta, farar bas mai kujera ashirin da biyu, bai taɓa ko kwarzanar ta ba. Iyayen yara ne suka laƙaba masa sunan, don in ka ji hon ɗinsa a ƙofar gida, to bakwai saura kwata ta yi. Mutum ne kakkaura, mai gajeren wuya da yawan raha. Abokan aiki sun san shi da abu biyu: duk inda ya jingina sai barci, kuma duk danjar da ta tsayar da shi sai ya ja birkin hannu, ko da hanyar a shimfiɗe take kamar faranti. Na farkon yakan ce baiwa ce. Na biyun, tsantseni.

Bana makarantar ta ce kowane direba ya kawo takardar lafiya kafin a dawo hutu. Ya tafi ƙaramin asibitin unguwa da hantsi, matarsa ta bi shi don karɓar maganin gwiwa. A zatonsa awon jini ne da na ido, likita ya sa hannu, shi ke nan.

Ɗakin nas ɗin bai wuce tebur da sikeli da benci ɗaya ba. Ta auna jininsa sau biyu, ta rubuta. Sannan ta jawo wata takardar tambayoyi da tef ɗin awo.

"Sista, riga za ki ɗinka mini?"

"Wuyan nake so, Baba. Ɗaga haɓa."

Ta rubuta lambar, ta fara tambaya. Yana minshari? Ya ce wa ya taɓa jin minsharin kansa. Yana tashi da gajiya? Ya ce duk mai iyali a gajiye yake.

"An taɓa ce maka numfashinka yana ɗaukewa cikin barci?"

"Ni da barci ba mu taɓa saɓawa ba."

Nas ta juya wajen benci. "Mama, wannan ke za ki amsa."

Matar ta sunkuyar da kai tana murza hannun jakarta. Ta san abin da takardar nan take nufi: babu sa hannun likita, babu mota.

"Faɗi mana, ai ba kotu muka zo ba," in ji Agogo. Dariya yake, amma ya kafe ta da ido.

"Yana ɗaukewa," ta ce a hankali. "Nakan ƙirga. In na kai ashirin bai ja ba, sai in zungure shi da gwiwar hannu."

"Tun yaushe?"

"Tun auta tana goye."

Auta yanzu tana aji huɗu.

"Ashe ke ce! Ni ina ta zagin katifa a kan ciwon haƙarƙari!"

Ba wanda ya yi dariya.

"Ka yi haƙuri, Baban yara. Tsoron aikin nake ji."

Saura tambaya ɗaya. "Ka taɓa gyangyaɗi a bakin sitiyari, ko da mota tana tsaye?"

Shi kaɗai ya san abin da ya faru shekara biyu da suka wuce, a danjar bakin kasuwa. Hon ɗin motocin baya ne ya farkar da shi. Ƙafarsa ta zame daga birki, motar ta silala har hancinta ya shiga mahaɗar hanya. Yaran suna ta waƙa a baya, babu wanda ya lura. Daga ranar ya fara jan birkin hannu, bai gaya wa kowa dalili ba.

Nas tana riƙe da biro. In ya ce a'a, ba ta da hanyar ganewa. Kujerar da ke bayan direba, nan auta take zama kullum, jakarta a cinya.

"Rubuta e," ya ce.

Nas ta bayyana masa cewa takardar ba ta yanke hukunci, tana nuna wanda ya kamata a duba ne. Za a tura shi babban asibiti a gwada barcinsa, kuma irin wannan matsala ana samun maganinta. Amma likita ba zai sa hannu ba sai sakamako ya fito. Ranar da aka ba shi, sai bayan mako uku. Makaranta kuwa Litinin za a koma.

Da kansa ya kai makullin motar ofishin makaranta. Shugaban makarantar ya saurare shi, ya ce za a duba, bai ce za a ajiye masa kujerarsa ba.

Ranar Litinin wani direba ya danna hon a ƙofar gidan. Agogo ya fito riƙe da jakar auta, takardar asibiti a aljihunsa. Ya duba agogon hannunsa, bakwai saura biyar, ya haɗiye maganar. Ya ɗora yarinyar, ya zagayo wajen tagar direba.

"Ɗan'uwa, ka yi barci sosai jiya?"

"Lafiya lau, me ka gani?"

"Ba komai. Ka bi danjar kasuwa a hankali."

Ya tsaya a nan har motar ta sha kwana.