Motar da ba ta shan ruwa

Wani ya ɗauki bidiyon motar Kawu Babaji tana rarrafe a titin Ƙofar Marusa, ya ɗora a intanet, ya rubuta wai a taimaka a kai kaka makabarta. Jama'a sai dariya suke yi a ƙasa. To ku gyara zama, tunda ba ku san shi ba bari in faɗa muku ko wane ne.

Kawu Babaji wan mahaifiyarmu ne. A Ƙofar Marusa aka haife shi, a nan ya yi aure, a nan furfura ta same shi. Tun kafin a ba Katsina jiha yake tuƙa wannan Kombin. Da farko ta wani Alhaji ce, Kawu na ɗaukar masa fasinja zuwa Daura. Da sababbin bas-bas suka shigo, Alhajin ya sallama masa ita. Fasinja ma suka sallama ta, don kowa sauri yake so.

Ga wanda bai san Kombi ba: injinta a baya yake, kuma ba ta da lagireto. Ba a zuba mata ruwa. Wata fanka ce a jikin injin take hura masa iska. Kawu kan ce ita da raƙumi uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kuma tana da laushin ƙafa. In ta faɗa rami ba ta buga ka, lilo take yi da kai kamar uwa ta goya ɗa.

Wannan laushin ne ya haɗa shi da Inna Asabe. Maginar tukwane ce a wani ƙauye da ke hanyar Mani, sai an sauka daga kwalta an yi tafiya. Ita ce babba a cikin matan da ke gina randa, tulu, tukunya da kaskon turare. Wata rana Kawu ya tarar da ita a bakin kasuwa zaune kan tsingaro tana zagin mai akori-kurar da ya kawo mata kaya, rabin randunan sun fashe a hanya. Kawu ya ce ta gwada shi sau ɗaya. Ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa ciyawa da ƙaiƙayi, ya jera kayan da hannunsa, baki sama, kowace da matashin ciyawarta. Ko kasko bai tsage ba. Tun daga ranar, duk mako sai ya je. Yaran da aka haifa a ƙauyen nan lokacin yanzu suna da nasu yaran. In ka sha ruwan randa mai sanyi a wani zaure cikin birni, kada ka yi mamaki in a bayan Kombin Kawu ta shigo gari.

Bara cikin bazara abin ya faru. Zafin nan da kare ma ba ya fita. Ashe ciyawa ta shige wajen fankar ta toshe hanyar iska. Kafin Kawu ya isa ƙauyen inji ya yi zafi har yana hayaƙi. Ya tsaya ƙofar gidan Inna Asabe, ya ɗaga murfin baya don ya sha iska, ya tafi masallaci azahar.

Inna Asabe ta fito ta ga hayaƙi. Ita dai a saninta duk motar da ta yi zafi ruwa ake ba ta, sau nawa ta gani a hanya. Ta ɗebo bokiti daga randar zaure, mai sanyin nan, ta sheƙa wa injin. Ta ƙara na biyu don ya ƙoshi. Ita da bakinta take ba da labarin, ta ce wata ƙara ta ji kamar an taka busasshen kara.

Da Kawu ya dawo ya ga ruwa na ɗiga, ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Malam Babaji, na kashe maka wutar," in ji ta, tana jira a gode mata.

"Allah shi saka da alheri, Asabe," ya ce.

Jan motar aka yi zuwa gari.

Sammani ne bakaniken Kawu, shi ma ya gada daga ubansa. Ya kwance injin ya ɗago kan silinda ya nuna wa rana. Tsagewa daga wannan gefe zuwa wancan, duka ɓangarorin biyu. Walda ba za ta riƙe ba. Ya buga waya Kano, ya buga Kaduna, kowa sai ya ce masa ai an daina ganin irin wannan.

"Baba, gaskiya ɗaya ce," in ji Sammani. "Mu sa mata injin Golf. Mu yanka gaba mu kafa lagireto. Injin ya fi nauyi, to sai mu ɗaure ƙafar baya, mu sa shokozoba masu tauri, mu ƙara ƙarfe. Wallahi sai ta koma budurwa. Kayan gyaranta ko a kantin mai shayi ka samu."

Umair na wajen, babban ɗan Kawu. Shi ne zai gaji motar, kuma yana da mata da yara biyu, acaɓa yake yi kafin lokacin. Nan take ya goyi baya.

"Baba, ai dama ce ta zo. Da injin Golf sai mu ɗauki gero, mu ɗauki siminti, mu yi sawu uku a rana. Tukwanen nan wa ke saye yanzu? Kowa roba, kowa firij."

"Firij da wace wutar?"

"Ko ba wuta, Baba. Ka duba ciwon gwiwarka. Ka duba ni."

Kada wani ya zagi Umair a nan. Gaskiya ya faɗa, kuma Kawu ya san gaskiya ce. Shi ya sa bai yi faɗa ba. Ya tambayi Sammani ko ya taɓa yi wa wata Kombin irin wannan aikin. Sammani ya ce akwai ta wani mai fiyawata, yana nan yana sa masa albarka kullum.

"Aro mani ita rana ɗaya."

Ranar ɗaukar kaya suka tafi su uku, Kawu da Umair da Sammani. Kawu da kansa ya tuƙa. A kan kwalta, Umair ya ce, har murmushi ya ga Baba na yi. Motar na cin hanya, taɓa totur kaɗan sai ta zabura, ga hawan rafin da ke kafin ƙauyen ta haye shi ko nishi babu. Kawu har ya ce, "Kai, wanga abu akwai daɗi."

Inna Asabe ta ƙi fitowa. Tun ranar ruwan take ɓuya, sai ta aiko jikarta da fura. Kawu ya tsaya a zaure ya ɗaga murya.

"Asabe, in ba ki fito ba zan shigo in ɗauke randar zauren nan, ita ce mai laifi."

Ta fito tana rufe fuska da mayafi.

"Malam Babaji, ka sa sabon injin kawai. Mu mun ja maka. Za mu san yadda muka yi."

"Ku yi yaya? Ku koma wa akori-kura? Kawo kaya mu gani tukuna."

Ya jera su yadda ya saba, har ya ƙara ciyawa. Suka kamo hanya a giya ta ɗaya, tafiyar da ko jaki zai wuce su. Amma hanyar nan duk gargada ce, kuma motar mai fiyawata an ɗaure ta tam don ɗaukar nauyi. Duk ramin da ta shiga sai ta mayar da bugun sama. Ba su yi nisa ba suka ji ƙas daga baya. Can kuma ƙas.

A kasuwa Kawu ya sauke su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa kowace da bayan yatsa. Lafiyayyar randa amo take yi kamar ƙararrawa, fasasshiya kuwa sai ka ji muryarta a dishe. Manyan randunan, waɗanda mace ke shafe kwanaki tana ginawa, kusan duk sun dishe.

Sammani ya sosa ƙeya. "Sai mu rage taurin kaɗan, Baba."

"In ka rage, za ta ɗauki injin?"

"Gindin zai zauna ƙasa."

"To ka gani."

Umair ya ce, "Baba, saboda tukwane za ka ajiye mota ta ruɓe?"

"Ban ce za ta ruɓe ba. Ran da ta zama taka, ka sa mata injin jirgin sama in ka ga dama, ba zan taso daga kabari in hana ka ba. Amma ina da rai ba zan je in ce wa matan nan su nemi wani ba. Lokacin da fasinja suka guje ni, kuɗin tukwanen nan aka saya maka takalmin makaranta da shi."

Daga nan Kawu ya shiga yawo da ƙafa, da gwiwar tasa. Abin da yake nema inji ne irin nata, mai shan iska. Ya bi garejin da ya sani da wanda bai sani ba. Ya bi majalisar tsofaffin direbobi. A wajen wani ɗaurin aure aka ce masa ai akwai Bitil a gidan su wani Malam Ɗanliti a unguwar Gobarau, 'yar mai doron nan kamar kunkuru, ta marigayi mahaifinsu. Injinsu dangi ne da na Kombi.

Ya je ya same ta a tsakar gida, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar baya. Tun da aka ajiye ta maƙwabta suka yi ta gini har lungun ya tsuke, motar ba ta da hanyar fita ko da an so. Malam Ɗanliti ya ce su dai a bar musu gangar jikin, don ita suke kallo su tuna tsoho, kajin ma sun saba. Injin kuwa a ɗauka.

A amalanke aka fito da shi, ƙarti na turawa, yara na bi suna ihu. Sammani ya kwance shi kaf, ya wanke, ya canza abin da zai canzu. Kafin ya ɗora sai da ya kira Kawu gefe.

"Baba, in faɗa maka tun yanzu. Wannan ƙarami ne, bai kai naka ƙarfi ba. Kuma shi ma tsoho ne. In ya mutu, babu na uku."

"Na ji. Ɗora."

Abin da kuka gani a bidiyon ke nan. Ba lalacewa ta yi ba, iya gudunta ke nan yanzu. Ƙafarta kuwa ba a taɓa ba, tana nan da lilonta.

Makon jiya na bi su. Yanzu Umair ke raka shi, don gwiwar ba ta barin Kawu ɗaga manyan randuna. Yana mita, amma yana zuwa, kuma ya iya jerin har Kawu ya daina gyara masa. A dawowa muka iso hawan rafi. Motar ta yi nishi, ta kai rabi, ta tsaya. Ashe haka ake yi duk mako, don matan ƙauyen tuni sun biyo mu a ƙafa, sun ɗaure zannuwa. Inna Asabe ce a gaba. Ta dafa bayan motar ta dubi Umair.

"Kai ɗan birni, mi kake jira? Ko sai an ba ka lasin turi?"

Umair ya naɗe hannun riga ya sa kafaɗa. Ya leƙa ta taga ya ce, "Baba, wallahi injin nan ba zai kai baɗi ba."

Kawu ya sa giya, bai ko waiwayo ba.

"To ai bana muke. Tura, kuma a hankali, akwai kaya."