Illa Bai Cin Babbar Karfasa

Duk wanda ya san taubashina Illa nan Tawa ya san bai wuce kihi sai ya buɗe mai baki ya leƙa. Ko soyayye ne! Wai ita karfasa cikin baki take goyon ƙwanta.

"Kuluwa," in ji shi, "koyi hali wurin karfasa. In ta ɗauki ƙwai, kwana da kwanaki ba ta buɗe baki."

Na ce, "To kai da naka bai ruhuwa, ƙwan wa ka zubar?"

Basan uku na siminti, wato kwamin kiwon kihi, gare shi bayan gida. Na ukun nan ne uwayen iri, shekara tara shina zaɓensu ɗaya-ɗaya: mai saurin girma, mai hwaɗin baya. Wani Alhaji ya zo da mota, wai shina da baƙi, manyan yake so.

"Alhaji, in ka yi girbi, zangarniyar da ta hi kowace ita kake kaiwa turmi?"

"A'a, iri nike ajewa."

"To ga ƙanana can, Allah shi ba baƙi haƙuri."

Ya ce masunta sun cinye manya sun bar wa tabki ƙanana su haihu, shi ya sa kihinsu ya koma tahin hannun jinjiri.

Kuma wai bai yi wa kihi auren zumunci, ɗiyan tsumburewa suke. Rannan ya tahi wani tabki mai nisa neman "ango". Ya dawo bisa kabu-kabu rungume da bido, jarkar ruwan da ya sako angon ciki, ya jiƙa rawaninai ya naɗe bidon, shi ko ga sanƙo cikin rana! Mata munka hito muna guɗa.

Na ce, "Ashe don zumunci ka ƙi aurena?"

Ya ce, "A'a, ke don bakinki ne."

Da ciwo ya kwantar da shi ya kira ni. "Kuluwa, ƴan basan na uku. Kar su ga tukunya. Ke ɗai ake tsoro gidan nan."

Ranar sadakar uku gida ya cika maƙil. Sai ga Ada, babban ɗanai, da koma a hannu. Na ɗauko taɓarya na zauna bakin basan.

"Inna, mi za mu ba mutane?"

"Wake ya ƙare duniya?"

Ashe ya riga ya kamo ɗaya, tana hwal-hwal. Na amshe ta, na buɗe mata baki yadda ubanai ke yi. Cike da ƙwai! Ada ya duba, ya duba, ya maida ta ruwa da hannu biyu, ya juya baya shina share ido.

Bana ɗiyan kihin nan munka raba wa matan garin Barmu, suna kiwo. Da sunka yi girma, wata ta aiko tana tambaya ko taki muke ba su.

Ni ko akwai rubutun da Illa ya bari jikin basan da fenti, wace uwa ta haihi wace. Don shi na shiga yaƙi da jahilci da hurhurata. Ran da na iya haɗa baƙaƙe na tahi na tsuguna. Ashe sunaye ya ba su. Uwar da ta hi kowace yawan ɗiya, kuma ta hi kowace cizo, ya rubuta mata: Kuluwa.

Ja'iri! Na yi dariya har na yi kuka.

Ya Allah, bawanka Illa bai taɓa cin mai kyau ya bar wa na baya maras kyau ba. Ka aje mai nashi mai kyau can. Ka sanyaya kabarinai kamar yadda ya sanyaya bidon nan da rawaninai. Amin.