Ranar da Baba Ya Koma Masaƙa

Tun kafin a haife ni mahaifina yake aiki a wata masaƙa a Bompai, har ranar da aka garƙame ƙofarta aka sallami kowa. Daga nan ya koma kasa goro a ƙofar gidanmu a Ɗorayi, bai ƙara bi ta wannan titin ba.

Shekarar da na fara jan adaidaita sahu, maigadin masaƙar, tsohon abokinsa, ya zo da saƙo. Wai 'yan fim sun ari wurin, suna neman dattawan da za su fito a matsayin ma'aikata. Na ɗauka Baba zai ƙi. Sai ga shi ya fito da tsohuwar shuɗiyar rigar aikinsa daga ƙasan akwati, ya miƙa wa Inna ta wanke.

Ni na kai shi da safe. Ciyawa ta cinye harabar, tantabaru sun mamaye rufin, kashinsu duk ya lulluɓe injinan. Baba bai tambayi kowa hanya ba. Ya miƙe har gaban injinsa, ya sa gefen riga yana goge shi.

Daraktan, wani matashi mai fara'a, ya ƙaraso ya rusuna.

"Baba, nan za ku tsaya. Ku riƙa motsa hannu kamar kuna aiki."

"To ai babu zare a kai, ɗana. Wuta ma babu."

"Ba komai, za mu sa ƙarar daga baya."

Aka fara ɗauka. Jarumin yana gaba yana yi wa manaja tsawa, Baba yana can baya. Na ga ya duƙa, ya kamo zaren da babu shi, ya ƙulla da yatsu biyu, ya ɗago yana duba saƙar. Suka yi ta maimaitawa har azahar, bai taɓa kuskuren ƙullin ba. Na kasa ci gaba da kallo, na fita na zauna cikin adaidaitata.

A hanyar komawa, da muka kusa gida, Baba ya yi magana.

"Cikin tsofaffin ma'aikata, mu huɗu kaɗai muka zo," in ji shi. "Sauran duk sun rasu, ko sun koma ƙauye."

Bayan wasu watanni aka nuna shirin a talabijin. Maƙwabta suka cika mana tsakar gida. Da aka zo wurin da Baba ya fito, bayansa kawai aka gani, shi ma dishi-dishi, ko minti ɗaya bai yi ba. Baba ya kasa kunne.

"Wannan ai ƙarar injin markaɗe ce," ya ce.

Kowa ya kwashe da dariya, ban da shi. Ya tashi ya ɗauki buta, bai dawo kallon ba.

Kafin damina ta fita ciwo ya kwantar da shi. Masu zuwa dubiya sukan tsokane shi, su ce ina ɗan fim, ya jiki? Sai ya amsa da sauƙi, ya juya fuskarsa bango.