Cokula shida da sunan Sani

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai ƙanena Sani makwancinsa a Zermu, garin da ba nan aka haife shi ba. A Guna aka haife mu, uwa ɗaya uba ɗaya, ni ne babba. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya zagayo nakan yi sadaka in kama bakina. Bana shirun ya ƙi zama, shi ya sa na roƙi wannan fili a jarida. Karatuna bai wuce aji huɗu na lakwal, wato makarantar boko, ba, sai a yi haƙuri da rubutun tsoho.

Sani maharbi ne, amma ba na gado ba. Yunwa ce ta koya masa. A shekarar da gero ya ƙone a tsaye, sama da shekara arba'in yanzu, maƙerin garinmu ya tafi ci-rani Kano. Sani ya samu tsohon baka wurin wani dattijo, ya yanko kyauro na sandar kibiya, sai ƙarfen da zai sa a kai ne babu. Gidanmu kuwa baki goma sha ɗaya ne, rumbu ya koma ɗakin ɓeraye.

Matata Hadiza, Allah ya jiƙanta, 'yar unguwar Zango ce a Zinder, ɗiyar wani Alhaji mai kanti a can. Cikin kayan ɗakinta akwai cokula goma sha biyu na ƙarfen nan da ba ya tsatsa, da zanen fure a mariƙinsu. Ba a cin abinci da su. Suna cikin kwalla a ƙarƙashin gado, na gani ne da nuna wa baƙi. Kowa a ƙasar nan ya san kayan ɗakin mace nata ne, miji ba ya taɓa ko allura sai ya tambaya. Ban tambaya ba, don na san amsar. Ranar da ta tafi rijiya na ɗebi shida na kai wa Sani.

Ya juya su a hannu, ya ce, "Yaya, ta sani?"

Na ce, "Ta sani."

Har yau ina ganin yadda ya yi aikin a gindin gawo. Ya ɗora bakin cokali a kan dutse ya yi ta bugu har kwarmin ya baje. Ya yanke gefe biyu ya fitar da tsini, ya goga a dutsen washi har ya iya aske gashin hannunsa da shi, ya fitar da kunne ɗaya don kada kibiya ta zame daga jikin nama. Mariƙin ya rage masa faɗi, ya cusa cikin kyauro, ya naɗe da jijiya da ƙaro. Kwana uku ya yi yana ɓata hannunsa. Daga nan zomo ya fara shigowa gida, da zabin daji, wata rana har da gada. Ban binne ɗa ko ɗaya a shekarar ba. Maƙwabtanmu sun binne.

Wata rana Hadiza tana figar zabuwa, sai ga kan kibiya ya karye a ƙirjin zabuwar. Ta zaro, ta wanke, ta ga furen. Ta duba kwalla, ta aika wa mahaifinta. Alhaji ya zo da kansa, aka zauna a ƙofar mai gari, maza kamar goma sha biyu. Mai gari ya ajiye ƙarfen a kan tabarma ya ce, "Sani, wannan naka ne?"

"Kibiyar tawa ce."

"Wa ya ba ka cokalin?"

Sani ya dube ni. Ni kuma na dubi takalmin Alhaji. A lokacin ya yi mini alkawarin aiki a kantinsa, kuma ina tsoron ya tafi da ɗiyarsa. Sani ya jira ni har jiran ya yi tsawo, sannan ya sunkuyar da kai. Ba a doke shi ba, ba a kai shi ko'ina ba. Suna kawai aka ba shi: ɓarawon cokali. Kafin damina ya kwashe iyalinsa ya koma Zermu. Ni na koma Zango, na samu aikin, na yi ƙiba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. A kasuwar Zango ana zube cokula a ƙasa kamar gyaɗa, masu kabu-kabu suna taka su ba wanda ya waiwaya. Dajin da ya yi harbi ya zama gonaki, zabuwar daji sai a labari. Ina jin zai yi dariyar nan tasa marar sauti, ya ce ƙarfe ya yi yawa, nama ya ƙare. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne sunan bai ƙare ba.

Ɗansa Lawali ya koma Guna yana noman gonar kakansa, mutum ne mai sallah da riƙon amana. Watan jiya aka zauna neman wanda zai riƙe makullin rumbun hatsin gari, aka kawo sunansa. Wani da ba a ma haife shi ba lokacin da abin ya faru ya ce, "Ɗan ɓarawon cokali za ku ba makulli?" Aka yi dariya, aka ɗage maganar zuwa bayan girbi. Lawali ya zo ya faɗa mini da kansa, ya ce, "Baba, kai kana wurin. Da gaske ya ɗauka?" Na ce masa maganar ta daɗe.

Sau uku na yi niyyar faɗa tun Sani yana raye, sau uku murya ta ƙi. Hadiza ta rasu ba ta sani ba. Bayan tafiyar Lawali na kasa cin tuwo, na hau mota zuwa Zermu wurin Ramatu, matar Sani. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta zauna nesa kamar yadda ta saba. Na faɗa mata duka, ina kuka kamar ba mai furfura ba.

Ta ce, "Yaya, ai na sani. Tun ranar ya gaya mini, ya sa na rantse ba zan faɗa ba, wai kada aurenku ya mutu. Ku sha ruwa."

Na ce ta yafe mini.

"Nawa na yafe. Amma ba a ɗakina kuka yi shiru ba, a ƙofar mai gari ne."

Cikin mazan da suka zauna a ƙofar mai gari, biyu suka rage, ɗaya ba ya ji. Waɗanda suka gaji sunan kuwa sun cika gari. Idan na auna abin da Sani ya bari, bakansa ya karye tuni, kibiyoyin sun ɓace. 'Ya'yana huɗu suna raye da jikokinsu, wannan aikinsa ne. Ƙaryar da ke bin ɗansa kuwa aikina ce, kuma ita ce ta fi ƙarko.

Don haka na rubuta: ni Isufu, yayan Sani, ni na ɗauki cokulan, ni na ce masa ta sani. Bai taɓa shiga ɗakin Hadiza ba. Ranar da za a sake zama kan makullin zan je Guna da wannan jarida a hannuna. Na san kaina, shi ya sa nake roƙo tun yanzu. In na tashi murya ta sake ƙi, wani ya karɓi takardar ya karanta da ƙarfi, ina tsaye, kada a bar ni in zauna sai an kai ƙarshe.