Shafin Saran Maciji

Tun jiya da na ga an ƙunshe magani cikin takardar littafi na kasa zama wuri ɗaya. Na tuna tsohon da ke aiko muna littattafai Wurno zamanin Turawa, muna koyon aikin asibiti. Da jar fata yake yi musu bango, suna warin jima.

Ni na yage shafin saran maciji daga ɗayansu na ƙunshe kwinin. Littafin ya wuce Goronyo, abokin karatuna ya buɗe shi gaban manomin da kububuwa ta sara, bai iske shafin ba.

Da littafin ya koma hannun tsohon, ya kira ni ya tambaye ni, "Ɗana, mi ya samu wurin nan?"

Na ce, "Gara ce, Baba."

Ya bi yagar da yatsa, ya rufe littafin.

Har yau ban tambayi ko manomin ya tashi ba. Allah Ya haskaka kabarin Baba, ni kuma Ya yafe mani.