Otilia Morar, Wadda Ta Hana a Katse Kira

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malama Otilia Morar a wani asibiti a nan Iași, tana da shekara sittin da takwas. Mun binne ta ranar Asabar, cikin ruwa da taɓo. Tun daga ranar nake zama gaban kwamfuta in kasa taɓa komai. Na gaji, Malama, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Kin fara rubuta manhaja tun zamanin da ake huda kati don a ba kwamfuta umarni, ni kuwa na zo na same ki da furfura a ka da sigari a hannu. Bakinki ba daɗi, wannan kowa ya sani. Amma da matata ta kwanta ciwo, ke kika ɗauke mini aikina har sanyi ya wuce, ba ki gaya wa kowa ba, kuma duk Litinin sai na tarar da kwalbar miyar gauta da tattasai a kan teburina.

A wurinki na koyi zagaye, wato umarnin da ke sa kwamfuta ta bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya tana maimaita aiki guda. Kika koya mini kalmar break, wadda ke fitar da ita daga zagayen da zarar ta sami abin da take nema. In kika ga na manta da ita sai ki ƙwanƙwasa allon da farce. "Horia, ka ga makullinka a aljihun farko, kana ci gaba da lalube na me?"

Wuri ɗaya tak kika ƙi yarda a sa break. Kamfaninmu na yi wa tsofaffin da ke zaune su kaɗai wani maɓalli da suke ratayawa a wuya. In tsohuwa ta faɗi ta danna, manhajar ta bi lambobin 'yan'uwanta da maƙwabtanta tana kira. Kika rubuta zagayen yadda ko na farko ya ɗauka ba zai tsaya ba, sai ya kira kowa har na ƙarshe. Codrin, shugaban sashenmu, ya daɗe yana so a katse shi, domin mutane na ƙorafin ana tayar musu da hankali a banza in an danna bisa kuskure. Yana da gaskiyarsa. Ke dai amsarki ɗaya ce: "Na farko a jerin shi ne ɗan da aka fi so, ɗan da aka fi so kuwa yana Italiya. Ta waya zai buɗe ƙofar?" Da kika yi ritaya kika bar mini wannan rigima, ni da ba ni da rabin taurin kanki.

Sai ga shi ke kika faɗi a ɗakin girkinki. Kika danna maɓallin da ke wuyanki. Ɗanki Tiberiu ya ɗauka nan take daga Torino, can Italiya, yana ta kiran sunanki, ba abin da zai iya. Manhajar ba ta tsaya ba, ta wuce zuwa maƙwabciyarki Rodica, wadda ke riƙe da makullin gidanki. Rodica ta ce da ta buɗe ƙofa, abin da kika fara ce mata shi ne ta kashe murhu. Kin rayu har Tiberiu ya iso ya riƙe hannunki.

Ranar Litinin na kai dafaffiyar alkamar sadakarki ofis. Codrin ya ci, ya ce Allah ya gafarta miki, ya goge baki.

"Malam Horia, ba don rashin kunya ba, maganar zagayen nan fa? Layi ɗaya ne kawai za a ƙara."

Wallahi ba ni da ƙarfin musu. Can ya ce, kamar wanda abu ya faɗo wa, ai mahaifiyarsa ma na sanye da maɓallinmu a ƙauyensu, can bayan garin Vaslui. Ya tambaye ni ko na san wa za a fara kira in ta danna.

Na ce, "Kai ne, ranka ya daɗe. Kuma kana saurin ɗaukar waya."

Bai janye buƙatar ba, bai kuma ba wani aikin ba. Zagayenki na nan yadda kika bar shi, Malama, yau dai yana kiran kowa.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutawa a wurin da babu ciwo babu baƙin ciki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Tiberiu da iyalinsa, da Rodica da ta zo da makulli, da tsofaffin garin nan da ba su taɓa jin sunanki ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.