Ranar da Ticha Issaka Ya Tare Lori

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin yi wa keke faci a unguwar Aboabo sai maƙwabcina ya tsaya a kaina ya ce, "Sule, ajiye tayar nan. Ticha Issaka ya cika." Na ajiye, na rasa inda zan sa hannuna.

Malamin lissafi ne a sakandare. Bara, da gwamnati ta ce baƙi marasa takarda su bar Gana, wasu manyan ɗalibansa 'yan asalin Nijar na cikin masu tafiya, ga shi saura darasi guda da bai koya musu ba. Ya rantse ba za su tafi babu shi ba. Ya zo rumfata yana tari.

"Sule, yanko mini robar tsohon tub, mai faɗi."

"Ticha, ko keke ba ka da shi."

"Kai dai yanko, ka biyo ni tasha!"

A tasha, tsakanin ƙunshin kaya, ya zana kibiyoyi da alli a kan robar, kowacce na kallon nata gefen. Ya ce in ja. Na ja. Wallahi sai kibiyoyin suka karkace, ban da biyu: ta tsaye ta ƙara tsawo, ta kwance ta gajarce, amma ba wadda ta juya.

"Ei, Ticha! Waɗannan sun ƙi juyawa!"

Ya daka tsalle, ya manta da tarinsa. "Su ne aigenbekta! In aka ja abu ko aka matsa shi, nemi hanyar da ba ta juyawa da yawan miƙewarta, ka san halinsa. Da su injiniya ke gane yadda gada za ta yi lilo tun ba a gina ta ba."

Direban lorin da zai kwashe su ya danna ham. "Masta, a nan za mu kwana?"

Sai wata ɗaliba, Adiza, ta ce ba ta gane ba. Ticha ya je gaban lorin ya tsaya ƙyam. Dama yakan ce, "Wanda bai gane ba, ba a sallame shi ba." Adiza ta karɓi robar ta ja, ta sake ja, sai ta ƙwala ihu, "Na gani!" Sannan ya matsa, lori ya wuce.

Allah Ya jiƙan Ticha, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Ya ba matarsa Hajiya da yara haƙuri, Ya tsare ɗalibansa a duk ƙasar da suka sauka. Amin.